Walter Brennan: tsohon fim ɗin kaboyi da ya ci abinci da giɓinsa

Duk wanda ya kalli fina-finan kaboyi a gidan silima ko a gidan bidiyo zai iya tuna wani tsoho marar haƙora, mai ƴar siririyar murya, kullum yana bayan jarumi yana mita. Sau da yawa Walter Brennan ne. Ba kasafai sunansa ke zuwa na farko a allon talla ba, amma shi ne ɗan wasa na farko da ya karɓi kyautar Oscar har sau 3, wato babbar kyautar fim ta Amurka.

A can Hollywood ƴan wasa kashi-kashi ne. Akwai jarumi, wanda saboda shi ake sayen tikiti. Akwai kuma waɗanda ake ɗauko wa don su fito da wani hali: mashayin gari, mugun alƙali, kukun ayari, kaka mai faɗa. Su ba a neman kyan fuska a wurinsu. Abin da ake so shi ne da mutum ya bayyana, ka ce ai na san irinsa a garinmu. A wannan layin Brennan ya yi rayuwarsa.

An haife shi ranar 25 ga watan Yuli na 1894 a garin Lynn, jihar Massachusetts. Ya yi aikin soja a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko. Bayan yaƙi ya sauka a Los Angeles, ya shiga cinikin filaye, ya samu kuɗi, sannan kasuwa ta faɗi ya wayi gari ba ko sisi. Talauci ne ya kai shi fim. A 1925 ya fara aiki a kamfanin Universal cikin ƴan cika taro, mutanen nan da ake gani suna wucewa a bayan jarumi ba su cewa uffan, ana biyansa dala 7 da rabi a wuni. Kusan shekara 10 ya yi a ƙananan ayyuka irin haka.

To, a 1932 ya yi hatsari a wurin ɗaukar fim, ya rasa haƙoransa da dama. Ga wanda ke neman zama jarumi, shi ke nan an gama. Shi kuwa sai ya mai da abin jari. Aka yi masa haƙoran roba: in ya sa su, ga magidanci, in ya cire, kumatu su lotsa, murya ta canza, ga tsoho tukuf alhali bai kai 40 ba. Ana ba da labarin cewa in an ba shi aiki yakan tambayi mai shirya fim ko da haƙora ake so ko babu.

Ƙofa ta buɗe a 1935 da fim ɗin Barbary Coast na Howard Hawks. Da aka ƙirƙiro kyautar Oscar ta mataimakin jarumi, shi ya fara ɗaukarta da Come and Get It na 1936. Ya sake da Kentucky na 1938, ya ƙara da The Westerner na 1940, inda ya fito a alƙali Roy Bean, mai yanke hukuncin rataya a cikin shagon giya, shi da Gary Cooper. Har yau ba wanda ya sake tara uku a wannan rukunin. Amma akwai ƴar magana a kai. A wasu daga cikin shekarun nan ƴan cika taro ma suna jefa ƙuri'a, kuma Brennan nasu ne, tare suka sha rana a ƙofar kamfani suna jiran aiki. Shi ya sa wasu ke cewa ƴan uwa ne suka ɗaga nasu. Daga baya an cire su daga masu zaɓe. A ganinmu, wanda ya kalli The Westerner zai yi wuya ya ce alfarma ce kawai.

Abin mamaki, fina-finan da aka fi tuna shi da su ba su ne suka ba shi kyauta ba. A Red River na 1948 shi ne kukun ayarin shanu na John Wayne, wanda ya sa haƙoransa a caca aka cinye, sai lokacin cin abinci ake ara masa su. A Rio Bravo na 1959 shi ne Stumpy, gurgun tsoho mai gadin gidan kaso, bindiga a hannu, baki ba ya hutawa. Kada kuma a ɗauka barkwanci kaɗai ya iya. A My Darling Clementine na 1946 shi ne mugun, uban ƴan fashin shanu mai zane manyan ƴaƴansa da bulala, ba dariya ko kaɗan.

Irin waɗannan fina-finai sun shiga ran matasan Nijar sosai, har marigayi Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka hana gari sakat.

Da talabijin ta shigo gidaje, Brennan ya bi ta. Daga 1957 zuwa 1963 ya fito a kakan gida cikin shirin The Real McCoys, lokacin tsufan ya zama na gaske. A wajen fim kuwa ba tsohon nan mai ban dariya ba ne. Attajiri ne mai gonar kiwo a jihar Oregon, mai ra'ayin riƙau a siyasa, kuma bai goyi bayan fafutukar baƙaƙen fatar Amurka ta neman ƴancinsu ba. Wannan ma yana cikin tarihinsa.

Ya fito a fina-finai da shirye-shirye sama da 200. Ya auri Ruth Wells a 1920, suna tare har ranar 21 ga watan Satumba na 1974, da ciwon huhu ya yi ajalinsa a garin Oxnard na jihar Kalifoniya, yana da shekara 80.