Komawa Gida A Birnin Gwari: Rufi Da Rijiya Kafin Damina

'Yar'uwa, in kina sauraron rediyo kin ji cewa a watan Nuwamba na shekarar 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, ya kuma buɗe kasuwar shanun garin wadda ta yi kimanin shekara 10 a rufe. Wannan abin godiya ne ga Allah. To amma ki tsaya ki tambayi kanki: matar da ta gudo daga Damari ko Gwaska da goyo a baya, ta raɓe a ɗakin dangi a unguwannin Magajin Gari, me za ta tarar ranar da maigida ya ce a ɗaura kaya a koma?

Wasu gidajen wuta ce ta ci su, kamar yadda aka yi a Gwaska a watan Mayun 2018, inda aka kashe sama da mutum 40. Sai dai ko gidan da ba a cinna wa wuta ba bai tsira ba, domin kuwa ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son hannu. Duk shekara sai an yi masa yaɓe, an share indararo, an sabunta jinka. In damina biyu ko uku ta wuce ba kowa a ciki, ruwa ya kwanta a kan soro, gara ta shiga azara, rufi ya rufta, daga nan katanga ta bi. Shi ya sa mai son taimakawa ya kamata ya fara da rufi, kuma ya yi shi da rani, lokacin da tubali ke bushewa. Kwanon da ya iso a watan Agusta ya makara.

Bayan rufi sai katangar gida da ƙyaure. Maza kan ɗauki wannan a matsayin abin da zai iya jira, amma ke kin san ba haka ba ne. Gidan da ba shi da katanga, banɗakinsa a buɗe, ba gida ba ne ga mace mai sutura, balle wadda ta riga ta ga tashin hankali da idonta.

Sai ruwa. Rijiyar da aka bari shekaru ba a ja, ba a sha daga cikinta sai an yashe ta, an kwashe laka da duk abin da ya faɗa ciki, an zuba sinadarin kulorin, an ɗaga bakinta an yi mata murfi. In ba haka ba, ruwan farko zai kora ƙazanta ciki, amai da gudawa su biyo baya, kuma yara suke fara kayarwa. Famfon tuƙa-tuƙa kuwa sau da yawa roba ce kawai ta cinye ko bututu ya tsage, gyaran da bai kai kuɗin haƙa sabo ba ko kusa. Abin takaici, mai neman suna ya fi son sabon da za a manna wa allo. In ruwa bai samu a gari ba, 'yan mata ne za su nufi rafi a bakin daji, wato inda aka fi jin tsoro. Haka ɗakin shan magani: ko ma'aikaciya ta yarda ta dawo, ba haihuwar dare sai da fitila, ba rigakafi sai da firji mai aiki da hasken rana.

Ba a ce ba a yin komai ba. A 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da ginin gidaje a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, inda jirgin soja ya hallaka masu Maulidi a Disambar 2023. A 2025 kuma an raba wa wasu iyalan da rikicin ya shafa gidajen da ƙungiyar Qatar Charity ta gina a gefen garin Kaduna. Madalla, amma manomin da gonarsa ke Kuyello ba zai ɗauke ta ya kai Kaduna ba. Shi a kufansa yake bukatar gyara, har da rumbun da zai zuba masara.

Akwai darasi a Ngarannam ta jihar Borno, garin da Boko Haram ta tarwatsa, wanda gwamnatin jihar da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sake ginawa aka buɗe a 2022. Mace ce ta zana gidajen, Tosin Oshinowo daga Legas, kuma sai da ta zauna da mutanen garin ta ji yadda suke rayuwa, sannan ta sa wa gidajen zaure da tsakar gida.

Saboda haka, uwargida, in ƙungiyarku ta Islamiyya ko ta adashi ta yi niyyar kai gudummawa Birnin Gwari, kada ku tsaya a atamfa da buhun shinkafa. Ku bi ta hannun masarauta da masu unguwanni, ku nemi zama da matan da suka yi gudun hijirar su faɗi abin da ya rushe da bakinsu. Ku sayi bandir ɗin kwano, ƙusa, ƙyaure da buhun siminti na bakin rijiya, ku biya magini ɗan garin, sauran aikin a yi shi da gayya. Ku tara kuɗin tun da kaka, domin kayan su isa kafin watan Afrilu ya fita.