Tun ran gini tun ran zane: Abin da ma'aikaci zai gyara a taswirar gidansa kafin a haƙa harsashi

A Kuje, Gwagwalada, Bwari da Lugbe, da ma Suleja da Mararaba da ke maƙwabtaka da Babban Birnin Tarayya, ba wuya mutum ya ga sabon gida marar bene da aka fasa bangonsa tun ba a tare ba. Nan an toshe ƙofa, can an huda taga, a wani wurin kuma an rushe banɗaki an mayar da shi gefe. Sau da yawa laifin ba na birkila ba ne. Tun a takarda aka yi kuskuren, ranar da mai gida ya karɓi taswirar wani abokin aikinsa ya ce a yi masa irinta.

Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya, wannan asara ce mai nauyi, domin kuɗin ginin ba a rana ɗaya aka tara su ba. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci a kowane wata, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance daga asusun a kan ruwan kashi 6 cikin 100, wanda biyansa kan kai shekara 30. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta ba ma'aikaci damar amfani da kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ta fansho a matsayin kuɗin kafin alƙalami na lamunin gida. Wanda zai bar aiki yana da shekara 60, ko bayan shekara 35 yana hidima, da wuya ya sami damar gini karo na biyu.

Rana da iska

Abu na farko da ya kamata a tambayi mai zane shi ne inda gidan ya fuskanta. A Abuja rana tana bi ta kusan tsakiyar sama, don haka bangon gabas da na yamma ne ke shan zafinta kai tsaye. Ɗakin kwana da tagarsa ke kallon yamma kan kwana yana fitar da zafi a watannin Fabrairu zuwa Afrilu. Idan fili ya ba da dama, an fi so dogayen ɓangarorin gidan su kalli kudu da arewa, a tura sito, banɗaki da wurin ajiye mota zuwa yamma su zama garkuwa.

Iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, hunturu da ƙurarsa daga arewa maso gabas, hadarin farkon damina kuma ya fi tasowa daga gabas. Saboda haka ɗakin da ke da tagogi a bango biyu ya fi samun shigi da ficen iska, bangon gabas kuma yana buƙatar rufin da ya ɗan zarce domin kare shi daga feshin ruwa.

Baƙo da iyali

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun daɗe da warware matsalar baƙo ta hanyar zaure, inda mai sallama yake tsayawa ba tare da ya ga tsakar gida ba. Yawancin taswirorin zamani sun yi watsi da wannan hikima. Za a ga ƙofa ɗaya tak da ke buɗewa cikin babban falo, ta yadda uwargida ba za ta je kicin ba sai ta ratsa abokan maigida. Ga hadimin minista ko darakta da gidansa ba ya rabuwa da masu zuwa gaisuwa, wannan takura ce ta kullum. Maganinta ƙaramin falon baƙi mai ƙofarsa da banɗakinsa, da kuma ƙofa ta biyu ta iyali.

Filin da ake ɓarnatarwa

Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, kuma dole a bar tazara tsakanin gini da katanga. Duk da haka ana ganin taswirori masu dogon lungu a tsakiya. Lungu mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 10 ya ci murabba'in mita 12, daidai da ɗaki mai mita 3 da 4, kuma sai an biya masa bulo, kwano, silin da tayil. Haka nan kowace kusurwa da aka ƙara wa gini tana ƙara katako da kwano, tana kuma ƙara wuraren da rufi zai iya yoyo. Jera banɗakuna da kicin a gefe guda, baya da baya, yana rage tsawon bututu da kuɗin gyara.

Akwai kuma abubuwan da ba a cika tunawa da su ba sai an tare: sito kusa da kicin, ƙofar baya da fili na girkin biki da na Sallah, wurin wanki da shanya, da ɗan ɗakin baturan sola. Janareta ya yi nesa da tagar ɗakin kwana, domin hayaƙinsa yana kisa. Sokawe da rijiyar burtsatse su kasance a ƙarshen fili daban-daban, tunda tazarar da aka saba ba da shawara a kai ita ce mita 30. Musulmi kuma zai so a duba mazaunin masai tun a takarda, kasancewar alƙibla daga Abuja tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa.

Gidan tsufa

Wanda ke gini yana da shekara 45 yana gina gidan da zai zauna a ciki yana da 75. Ƙofa mai faɗin santimita 90 tana barin keken marar lafiya ya wuce, falon da aka yi wa matakala don ado kuwa tarko ne ga tsoho. Idan kuɗi ba su isa ɗaki huɗu ba, gara a zana huɗun tun farko, a gina uku, a bar gurbin na ƙarshe inda ba sai an taɓa rufi ko an toshe tagar wani ɗaki ba.

A Babban Birnin Tarayya, Sashen Kula da Gine-gine ne ke amincewa da taswira, a Suleja da Mararaba kuwa hukumomin tsara birane na jihohin Neja da Nasarawa. Canza gini bayan an amince da shi na iya jawo jan fenti a katanga. Don haka gyara ya rigayi miƙa takardu, kuma ya fito daga hannun mai zanen da ke da rajista da ARCON da injiniya mai rajista da COREN.

Kafin a sa hannu, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Mai gida ya ɗauki iyalinsa zuwa filin da la'asar, a shata ɗakunan da toka ko igiya, uwargida ta taka daga kicin zuwa sito, a auna gurbin gado da na durowa, a ga inda rana take dukan bango. Abin da ya fito fili a wannan yammaci gogewa kawai yake buƙata a takarda. Idan aka bari sai an kai linta, guduma ce za ta gyara shi, da kuɗin da ba a gama biyan bashinsu ba.