Lafiyar zuciyar uwa: inda ake samun taimako ko da kuɗi sun yi ƙaranci

A cibiyoyin kula da tamowa, akwai yaron da ake ba abincin magani yadda ya kamata, amma nauyinsa ya ƙi ƙaruwa. Wani lokaci dalilin yana ga uwar: damuwa ta danne ta har ba ta da ƙarfin shayarwa akai-akai, ko dama kunu, ko komawa awo a ranar da aka sa mata. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari ciwon damuwa. Wannan ciwo ne kamar sauran cututtuka, kuma ana warkewa.

Yadda ake gane shi

Kuka ba dalili da saurin fushi a kwanakin farko na jego abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin sati 2. Idan ya zarce haka, a lura da waɗannan: baƙin ciki kusan kullum, rashin barci ko da jariri ya yi barci, ƙin abinci, gajiya marar ƙarewa, janye jiki daga mutane, da ganin kai a matsayin uwar da ta kasa. Mata da dama ba sa cewa suna cikin damuwa. Sukan ce kai na ciwo, ko zuciya na bugawa, ko jiki ya mutu. Ƴan rele su saurari irin wannan magana da kyau.

A fara da abin da ba a biya

A Nijar, tun 2006 gwamnati ta sa awon ciki da kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 su zama kyauta a likitocin gwamnati. Saboda haka, ranar da kika je awon ciki ko kika kai yaro CSI, kada ki tsaya ga maganar jiki kaɗai. Faɗa wa ungozoma ko majo halin da zuciyarki ke ciki. Tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu, ba ƙarin kuɗin mota. Idan yaronki na kwance a CRENI, ki tambayi ma'aikata wanda za ki iya tattaunawa da shi a keɓe.

Magana da wanda aka horar magani ce. A Pakistan, ma'aikatan lafiya mata na ƙauyuka sun riƙa ziyartar masu ciki da masu jego suna taimaka musu su sauya tunanin da ke karya musu gwiwa. Sakamakon ya sa OMS ta fitar da wannan hanya a littafin jagora a 2015. A Zimbabuwe kuma, tsofaffin mata aka horar suna zama a kan benci a harabar likita suna sauraren masu damuwa. Duka biyun ba su buƙaci babban likita ba.

Ƙungiyar mata ma mafaka ce. Mata Masu Dubara, wadda ta faro a jihar Maraɗi a 1991, tana haɗa mata kowane sati. Mai damuwa na samun abokan hira, kuma asusun ƙungiya na iya ranta mata kuɗin tafiya likita. A gida, miji da uwar miji su rage mata ɗibar ruwa da daka, su bar ta ta samu barci.

Idan ana buƙatar magani

Ma'aikacin lafiya kaɗai zai rubuta shi, kuma a shaida masa in ana da ciki ko ana shayarwa. A nemi maganin jenerik, ya fi sauƙin kuɗi kuma aikinsa ɗaya ne. Yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, don haka kada a daina ba da izinin likita ba. A guji tramol da ƙwayoyin barci na masu talla: suna cinye kuɗin cefane, suna kama jiki, ba sa warkar da damuwa. Addu'a na kwantar da rai, amma kada a sayar da akuya ko hatsin rumbu wajen neman magani nan da can kafin a je CSI. Idan lamarin ya fi ƙarfinsu, su za su ba da takardar tura maras lafiya zuwa babbar likita, kamar ta Damagaram ko ta Yamai.

Lokacin da ba a jira

Uwa ta ce za ta kashe kanta ko ta cutar da jariri, ko tana jin muryoyi, ko ta rikice ba ta gane mutane: a kai ta likita a ranar. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a ɗaure ta ko a doke ta. A kawar da maganin ƙwari da wuƙaƙe, wata ta riƙe jaririn.

Ƴan rele, duk sanda kuka auna dantsen yaro, ku tambayi uwar: "Ke kuma, ya jikin, ya barci?" Ku saurara ba gaggawa, ku rufa mata asiri, sannan ku sa ranar da za ku sake leƙo ta.