Ɗurin Bindigar Toka: Awo Shi Ne Tsaron Maharbi

Duk wanda ya ratsa ƙasar Tofa, yamma da birnin Kano, zai ga gona na bin gona, gida na hangen gida, da ƙyar a sami fegin da ba a nomawa. A irin wannan ƙasa manyan namun daji sun daɗe da ƙaura. Abin da ya rage wa maharbi shi ne zomo da gafiya da kurciya da fakara. Amma duk da haka bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, ba ta bar hannun jama'a ba. Da ita ake farauta da rani, da ita 'yan sintiri ke gadin ƙauye, da ita kuma 'yan bindiga ke yi wa sarakuna rakiya a hawan Salla.

Wannan makami yana da tarihi mai tsawo. Turawa na kiransa bindigar Denmak, saboda fataken wannan ƙasa da suka yi cinikinsa a gaɓar tekun Gana kafin su sayar wa Ingila da sansanoninsu a 1850. Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi, haka kuma Sarkin Kano Alu, wanda ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, yana da rundunar 'yan bindiga. Daga baya maƙeran gida suka karɓi sana'ar, suna ƙera ta da bututun ruwa ko da sandar sitiyarin tsohuwar mota. Dokar makamai ta 1959 ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuni na kansu, ta kuma ɗora al'amarin lasisinsu a kan Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Bambancinta da bindigar zamani shi ne, ita ta zamani masana'anta ce ke auna mata harsashi, ita kuwa wannan mai ita ne ke haɗa abubuwa uku da hannunsa a kowane harbi, watau albarushi da tsumman toshi da dalma. In ya yi kuskure a ɗayansu, shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Albarushi shi ne na farko. Mutane da yawa sun ɗauka cewa yawansa shi ne ƙarfin bindiga, alhali kuwa bututu yana da iyakar abin da zai iya ƙonawa da abin da zai iya jurewa. Abin da ya wuce wannan iyaka sai ya zama hayaƙi da ƙara da dukan kafaɗa, wani lokaci kuma fashewar bututu. A Amurka, inda har yanzu ake harbi da irin waɗannan bindigogi don nishaɗi, mai bindigar da faɗin bakinta ya kai rabin inci yakan fara da albarushin da bai wuce giram 3 da 'yan kai ba, sa'an nan ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har ya gane awon da ya fi dacewa da saiti. To, amma bututunsu an jarraba shi kafin a sayar. A Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bututun bindiga a Birmingham. Bututun ruwa kuwa ba a yi shi don wuta ba, galibi ma yana da ɗinki a tsawonsa, saboda haka awon Turawa ba hujja ba ne gare shi. Wajibi ne a tsaya ƙasa da shi, a yanka ma'auni guda na ƙaho ko na gora, a daina awo da tafin hannu.

Akwai kuma kuskuren da ya fi kowanne muni, shi ne a farke harsashin bindigar zamani a zuba garinsa a bindigar toka. Wannan gari ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, kuma ko kaɗan ne yana iya tarwatsa bututu. Haka nan ba a tsiyaya albarushi kai tsaye daga gorarsa zuwa bakin bindiga, domin in akwai sauran garwashi a ciki, gorar duka za ta tashi a hannu.

Na biyu shi ne tsumman toshi. Aikinsa shi ne ya hana ƙarfin wuta zurarewa ta gefen dalma, ya kuma riƙe ta kada ta motsa. Ƙyallen auduga mai ƙarfi, wanda aka shafa wa kitse ko man kaɗanya, shi ya fi, domin maiƙon yana tausasa dauɗar da albarushi ke bari. Yadin leda narkewa yake yi ya manne a bututu. Ƙwararrun maharba sukan tsinci tsumman bayan harbi, 'yan taku kaɗan gaban bindiga, su duba shi. In ya fito da baƙin zobe kawai, ɗurin ya yi daidai. In ya yage ko ya ƙone, to, ko dai ya cika siranta ko kuma albarushi ya yi yawa. Busasshen tsumma kuwa yakan fita yana cin wuta, kuma da hunturu, sa'ad da kara da harawa ke jibge a gefen gidaje, wannan kaɗai ya isa ya jawo gobara.

Na uku ita ce dalma. An zaɓe ta ne saboda nauyinta da laushinta: ta fi ƙarfe nauyi da kusan rabi, ba ta kuma kankare cikin bututu. Gutsuren rodi da ƙusa da ƙwallon boris, waɗanda wasu ke ɗurawa don arha, suna cin bututu, suna iya maƙalewa, in kuma sun bugi dutse ko icce sai su yi tsalle su nufi inda ba a nufa ba. Dunƙulalliyar dalma guda tana tafiya nesa ƙwarai bayan ta wuce abin da aka harba. A ƙasar da bayan kowace gona akwai mai kiwo ko mai ɗiban ruwa, ƙananan ƙwayoyin dalma su ne suka dace da zomo da tsuntsu.

Bayan zaɓe sai ɗuri. Lalle ne dalma ta zauna daram a kan albarushi, don in an bar fili a tsakaninsu bututu na iya kumbura ko ya tsage. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yi wa sandar ɗuri tsaga biyu, ɗaya ta nuna tsawonta in bindiga ba kome, ɗaya in an ɗura. Da wannan ne mutum zai gane ko ya yi ɗuri kan ɗuri. In an ɗana bindiga ta ƙi tashi, sai a ci gaba da fuskantar da bakinta inda ba kowa na minti guda, domin wuta takan yi jinkiri. Da an dawo gida kuma sai a wanke bututu da ruwan zafi, a busar, a shafa mai, saboda tokar albarushi tana jan laima ta haifar da tsatsa.

Wannan gargaɗi ya fi shafar 'yan bindigar hawan Salla, inda kowa ke son tasa ta fi ta ɗan'uwansa amo. Ko ba dalma a ciki, bututun da aka cika wa albarushi yana fashewa, tsumman da ya fita kuma yana raunata na kusa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Hakkin Sarkin Baka ne da masu unguwanni su tabbatar kowane mai bindiga yana da ma'auninsa, an kuma duba bututunsa, tun kafin a fita farauta ko a hau Salla.