Albashi Ya Ƙaru, Amma Babur Da Ɗakin Aure Sun Gagari Matasan Maiha

A Abuja ko Legas, idan aka ce saurayi ya kama ƙasa, mota da gida mai falo ake nufi. Matashin Maiha ta Jihar Adamawa bai ɗora burinsa can ba. Abin da yake nema babur ne da zai kai shi gona da kasuwa, da ɗaki guda mai rufin kwano a gefen gidan mahaifinsa inda za a kai masa amarya. Wannan ɗan burin ne yau ya gagari malamin firamare da ma'aikacin asibiti, balle wanda ba ya cikin takardar albashin kowa.

A takarda kam an samu ci gaba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan 70,000 a watan Yulin 2024. Gwamnan Adamawa Ahmadu Umaru Fintiri na cikin na farko da suka fara biya, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Sai dai a 2019 dala tana wajen naira 360, wato 30,000 ta haura dala 80. Lokacin da 70,000 ta iso, dala ta wuce naira 1,500, sai sabon albashin ya tsaya ƙasa da dala 50. An ninka kuɗin fiye da sau biyu, abin da yake saye kuwa ya ragu.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Pakka ko Sorau a Maiha da dala? Ruwansa ne tsundum. Babur ɗin Bajaj da yake hange daga Indiya kayansa suke zuwa, kuma da dala ake sayo su. Bayan da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya. Mai ɗaukar 70,000 ko da bai ci ba bai sha ba, shekara guda 840,000 zai tara. Idan ya samu ya saya ta hanyar adashi, ga mai yana jiransa: litar da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ta haura dubu a ƙarshen 2024. Maganar mota kuwa ba ta ma taso ba. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma motar Kwatano da a da ƙaramin ma'aikaci kan saya bayan 'yan shekaru yanzu ta zama ta masu hannu da shuni.

Maiha na da wani ciwo nata da Kano ko Zariya ba su sani ba sosai. Ƙaramar hukumar tana jingine da Kamaru, kuma kuɗin makwabta, sefa, a ɗaure yake da yuro. Duk ranar da naira ta faɗi, sefa ta ƙara nauyi, har jaka guda ta wuce naira dubu biyu a 2024. Ɗan kasuwar da ya tsallako daga Garwa ta Kamaru zuwa Belel ko kasuwar shanu ta Mubi yana ganin kayanmu da araha, yana saye ba ya ko taya. Manomin masara da mai kiwo suna murna, kuma ba laifi. Amma ma'aikacin da ke karɓar naira a kasuwa ɗaya yake tsaye da mai sefa, ga shi ba shi da buhun da zai sayar.

Gini ma haka. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, duk da ga kamfanin simintin Ashaka nan a Gombe. Kwano da rodi da katako duk sun bi sahu. Shi ya sa ake ganin ɗakuna sun kai linta sun tsaya, damina tana dukansu, aure kuma yana ta ɗaguwa daga wannan kaka zuwa waccan. Wanda ya gudu Mubi neman aiki sai ya tarar da haya ta yi tsada, domin ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna neman ɗakunan, ga kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Madagali da Michika. Kada a manta ita Mubin da Maiha sai da suka faɗa hannun 'yan ƙungiyar a ƙarshen 2014, iyalai da yawa daga tushe suka sake farawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsarin ba da rancen gida yana nan, amma kamar ba don mutanen karkara aka yi shi ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin masu zubi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance da ruwa kashi 6 a biya har shekara 30. Sharaɗin shi ne takardar mallakar fili da banki ya yarda da ita. Filin saurayin Maiha kuwa gado ne, shaidarsa jauro da dattawan unguwa. Kowa ya san nasa ne, banki kaɗai bai sani ba. Ga kuma masu gudun bashin ruwa saboda addini, waɗanda su ma sai an yi musu tanadi.

Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gargajiya a karkara. Tunda an ƙirƙiri Masarautar Maiha a watan Disambar 2024, hakimai da majalisar ƙaramar hukuma su haɗa kai a auna filayen matasa a ba su takarda a farashin da ba zai cinye albashin wata ba, gwamnatin jiha kuma ta sa bankuna su karɓe ta. A koya wa magina aikin bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, wanda siminti kaɗan yake ci. Ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya kuma su sayo babura a dunƙule, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashi ba tare da ruwa ba.