BINDIGOGIN TIBET A GIDAJEN ADANA KAYAN TARIHI

A cikin shekarar 2006 ne babban gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York ya baje kolin tsofaffin makaman ƙasar Tibet, watau ƙasar nan da ke kan tsaunukan Himalaya. Daga cikin kayan da aka nuna akwai wata irin doguwar bindigar toka wadda mutanen ƙasar suke kira "kibiyar wuta" da harshensu.

Ita wannan bindiga ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma. Idan maharbi ya ja kunama, sai lagwani mai ci da wuta ya sauko ya taɓa albarushin. A kusa da bakinta akwai ƙafafu biyu masu tsini, wani lokaci na ƙahon dabbar dawa, waɗanda ake kafawa a ƙasa domin a daidaita saiti. Ta masu hali kuwa akan yi mata ado da azurfa. Wasu makaman sun daɗe ne domin an rataye su a ɗakunan ibadar Buda a matsayin sadaukarwa.

To, amma ba duk wanda ya tsaya yana sha'awar adon ne ya san abin da ya sami masu irin waɗannan bindigogi ba. Ran 31 ga watan Maris 1904, rundunar Ingila da ta raka Kanar Francis Younghusband ta gamu da mayaƙan Tibet kusa da Guru. Turawan suna da Maxim, wadda ake kira bindiga mai ruwa, irin wadda sojojin Lugga suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Cikin ɗan lokaci aka kashe mutanen Tibet fiye da 600. Rundunar ta kama ganuwar Gyantse a watan Yuli, ta shiga Lhasa a watan Agusta, kuma hafsoshinta suka koma da makamai da littattafai da gumaka, waɗanda da yawansu suka ƙare a gidajen tarihi na Birtaniya.

Saboda haka bai isa a rubuta sunan bindiga da shekarunta a jikin gilashi ba. Wajibi ne a bayyana ko sayenta aka yi, ko kyauta ce, ko kuwa a fagen fama aka tsince ta kusa da gawar mai ita. Ɗalibin da aka ɓoye wa wannan bayani, rabin tarihi aka koya masa.