Launin Toka a Jikin Bindiga

Gangar jikin bindigar farauta irin ta Turai, wato akwatin ƙarfen da kunama ke ciki, da ƙarfe mai taushi ake ƙera ta, domin mai zane ya samu ya sassaƙa mata ado. Sai an gama zanen ake taurara ta, kuma fatarta kaɗai ake taurarawa. Ana binne ƙarfen cikin garin gawayin itace da na ƙashi a tukunyar ƙarfe mai murfi, a sa a wuta har zafi ya kai wajen digiri 750 zuwa 800 a ma'aunin Selsiyos. Sinadarin kabon da ke cikin gawayin sai ya ratsa saman ƙarfen. Daga nan a juye komai cikin ruwan sanyi. Fata ta yi tauri, ciki kuwa yana nan da taushinsa, don haka ba ya tsagewa idan ya sha bugu.

Ƙarfen yana fitowa daga ruwa da dabbare-dabbaren shuɗi da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, gwanin sha'awa. Maƙeran Landan da Bamingam a Ingila sun yi suna da wannan launi. Sai dai yana da illa: zane mai laushi yakan ɓace a cikinsa. Kan tsuntsun da mai zane ya yi kwanaki yana fitarwa ɗigo-ɗigo sai ya nutse cikin shuɗi, ido ba ya ganinsa.

Abin da ya sa ake koma wa launin toka ke nan, wanda masu sana'ar ke kira tokar Faransa. Launukan da ƙarfen ke fitowa da su daga ruwa wani ɓawo ne marar kauri da iska ta haifar a saman ƙarfe, taurin kuwa yana ƙarƙashinsa. Ana iya cire ɓawon ba tare da an taɓa taurin ba. Da farko a wanke maiƙo tas, domin ko shatin yatsa ɗaya yakan bar tabo. Sannan a shafa asid na fosforik da aka sirka da ruwa, irin wanda ke cikin magungunan cire tsatsa. Audugar da ake shafawa da ita na bi, shuɗin na gushewa, ƙarfen yana komawa toka-toka marar ƙyalli, domin asid ɗin ya ɗan ci samansa. Ba a barinsa ya daɗe; in ya wuce lokaci sai ƙarfen ya yi duhu, bakin zanen ya dakushe. Ana ɗaurayewa da ruwan soda irin ta gashin burodi don a kashe ƙarfin asid, a busar nan take. Safar hannu da tabarau da wuri mai iska wajibi ne.

Wasu masu zane, kamar na kwarin Tirompiya a arewacin Italiya, sun fi son ƙarfen ya yi haske kamar sabon kwabo, kuma akan cusa baƙin tawada cikin ramukan zanen don ya fito sarai.

Tokar Faransa ado ce, ba ta kare ƙarfe daga tsatsa yadda ya kamata. Shi ya sa ake rufe ta da mai ko kakin zuma ko fenti marar launi, a riƙa sabuntawa, musamman da damina.